Rijiyar Kakan Malam

A layin ganin likitan ido a Rano, wani malamin allo ya leƙa Linjilar da tsohuwar da ke gefensa ta riƙe.

"Iya, mun yarda da Annabi Isa. Amma makahon nan naku da aka shafa wa laka ya warke, wa ya gani? Wa ya ji daga wa?"

"Sannu, alƙali! Ku naku fa, Malam?"

"Ai kakana a Kahu, tofi ɗaya yake yi a ruwan rijiyarsa ido ya buɗe. Duk gari sun shaida."

"Suna ina?"

"Sun rasu."

"Allah sarki, nawa shaidun ma sun rasu. Rijiyar ta ƙafe ke nan?"

"Tana nan cike maƙil!"

"To jikan mai rijiya, me ya kawo ka layin likita? Koma baya. Na riga ka zuwa."