Baba Ya Ƙi Barin Sujada

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Rabi daga Gyadi-Gyadi, hankalina a tashe yake.

Hawan jinin ido ya cinye wa Babanmu idon hagu. Makon jiya aka yi masa aiki a na dama. Likita ya buɗe 'yar kafar da ruwan idon zai riƙa fita, ya ce in ta yi tabo ta toshe, shi ke nan. Ya hana shi sunkuyawa sai ya warke. Baba kuwa ya rantse ba zai yi salla goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Na yi kuka, yayana ya zo daga Tarauni ya roƙe shi, a banza.

Don Allah a tambayar mana malamai, su amsa da ƙarfi. Rediyon na kan cinyarsa, ku kaɗai yake saurara.