Shaidun Baba Guda Uku

A ɗakin jiran likitan ido, wani dattijo ya naɗe jaridarsa, ya dubi matar da ke gefensa.

"Ni, 'yata, ba na yarda da labari sai shaidu uku sun haɗu: rediyo da safe, jarida da rana, talabijin da yamma."

"Baba, ai duk ukun na mutum ɗaya ne. Ni ke buga musu labaran, takarda ɗaya ake raba musu."

"Ikon Allah! Shi ya sa ba sa saɓawa." Ya yi dariya. "Ba komai, ina da ta huɗu, mai ɗakina. Ita kam ba wanda ya saye ta."

"Ita a ina take jin nata?"

Dattijon ya sosa ƙeya.

"A bakina."