Tuffar Tsohon Direba

A ɗakin jiran likitan haƙori, wani tsohon direba yana zaune da tuffa a hannu, yana juya ta yana sunsunawa. Matar da ke gefensa, dafe da kunci, ta kasa yin shiru.

"Baba, cire haƙori ma sai da guzuri?"

"Uku suka rage mini a gaba, 'yata, yau za su tafi." Ya lumshe ido. "Shekara ashirin ina dakon tuffa a mota. Ka shiga gonar da safe, raɓa na ɗiga, ƙamshi ya bi ka har cikin mota. Wani mai gona ya ce mini ita ce buroshin da Allah ya yi. Ranar na jefar da nawa. In zan kwanta in ci ɗaya, na wanke baki ke nan."

"Ka kwana da zaƙi da tsami a baki? Ko kurkurewa babu?"

"Wa zai kurkure wannan ƙamshin?"

"Ai ga shi ta cinye ka."

"Na ci ta, ta ci ni, babu wanda ya cuci wani. Likita ya ce a riƙa yanka mini ƙanana. Bai gane ba. Ƙarar gatsar nan ce zan rasa."

Nas ta leƙo ta kira shi. Ya kai tuffar baki, haƙoran suka motsa, ya sauke. Sai ya miƙa wa matar.

"Taimaka ki gatsa, in ji."

Ta juya ɓangaren da ba ya ciwo, ta gatsa. Ƙaras! Ya tsaya ido rufe har ta haɗiye.

"An tsinke ta da wuri," ya ce, ya bi nas.