Ladabi Ba Tuba Ba Ne

Assalamu alaikum. Mai girma Umda mai garinmu, Malam Liman, dattawan judiyya masu sasanta mu, Hajiya Ruqaya da 'ya'yanki, jama'ar Wad Haddad, al-baraka fikum, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Marigayi Ustaz Uwaisu ya kasance mai aikin da dukanmu muke ƙyama. A gidan gyaran hali na birnin Madani yake zama da samarin da suka keta haddin ƙananan yara, yana sauraronsu. Mukan ce masa, "Ustaz, ai duk kanwar ja ce." Sai ya ce a'a. Akwai wanda abokai suka ja ya faɗa sau ɗaya, in an riƙe shi da kyau yakan gyaru. Akwai wanda ya daɗe yana lallaɓa yarinya da alewa, yana jiran iyayenta su tafi gonar auduga. Wannan shi ne abin tsoro.

Ya kasance mai tambaya guda: "Ita ɗiyar, yaya kake gani take ji?"

Bara, yaƙi ya dawo da shi gida, aka kai masa samari biyu na garin nan da suka aikata irin wannan laifi. Ba zan kama suna ba. Ɗaya ya sunkuyar da kai ya ƙi magana, aka ce taurin kai. Ɗayan ya durƙusa ya gaida kowane dattijo da sunansa, aka ce tarbiyya. Ustaz ya yi tambayarsa. Mai shirun ya yi kuka har ya yi amai. Mai ladabin ya yi murmushi ya ce, "Ustaz, yarinya ce fa, gobe ta manta."

Ustaz ya kasance ko a gadon ciwo yana roƙo kada a mayar da na biyun gidan da ke da yara, a miƙa shi ga hukuma da masana. Hajiya Ruqaya, ke shaida ce. Ki yi haƙuri, mijinki bai mutu da kwanciyar rai ba.

Dattawa, na ji ranar Juma'a za ku zauna ku mayar da saurayin nan na biyu gidan kawunsa, don yana da ladabi. Raina ya ɓaci, kuma gara in faɗa a gabanku. Akwai 'yan mata ƙanana a gidan kawun nasa, ga su can suna raba mana ruwa.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Uwaisu, ya haskaka kabarinsa. Allah ya tsare 'ya'yanmu, har daga hukuncin da za mu yanke ranar Juma'a. Amin.