Marin da Tasi'u Ya Ajiye Sai Aljanna

Ranar Talata da safe ruwa ya tsuge a unguwar Sabo, wani dattijo mai albasa a kasuwar Bodija ya fake a rumfar Tasi'u mai shayi.

"Baba, kun yi kama da masu karatu," in ji Tasi'u yana fasa ƙwai. "Da gaske a Aljanna abin da mutum ya ga dama yake yi?"

"Ƙwarai kuwa."

"To zan mari yayana Alasan. Tattabaruna ya yanka wa baƙinsa."

"A'uzubillahi! Samari, tun a ƙofa ake wanke ƙiyayya daga zuciya. Ba za ka ma so marin ba."

"Ba tare da an tambaye ni ba? Ke nan wani Tasi'un za a shigar, ba ni ba, abi? Ko ba haka ba?"

"Je ka mare shi yau mana, ka huta."

"Ya rasu da azumin bara. Kafin nan shekara biyu ba na gaishe shi."

Dattijo ya ajiye kofi. "In ka mare shi fa?"

"Sai ya rama, mu ci abinci kwano ɗaya kamar da."

Kasko ya turnuƙe da hayaƙi. Asarar Tasi'u ke nan: ƙwai uku, tattabaru tara, yaya ɗaya.