Ruwan Ɗumi Don Kififiyar Hansai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro. Wakilin Hakimi, Allah ya ja zamanin wanda ya aiko ka. Dagaci da masu unguwanni. Liman da sauran malamanmu. Sarkin Ruwa da jama'arsa masunta. Malaman makaranta da suka ba mu aron wannan fili da kujerunsa. Ma'aikatan da suka kafa turaku suka jawo waya har ƙofofin gidajenmu. Iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin darbejiya. Samari da suka tsaya daga baya don su sami hanyar sulalewa in tsoho ya ja magana. Jama'ar Sabon Garin Wudil, da baƙinmu na Ɗankaza da Dagumawa, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana da ranmu. Ina gode wa Ƙungiyar Ci Gaban Unguwa, wadda ta yi ta safa da marwa har wutar lantarki ta iso mu, ta kuma tara mu yau don murna. Ina gode musu da suka ce in yi wa jama'a magana a kan yadda za a zauna da wannan baƙuwa lafiya. Na gaya musu ni ban karanta wuta ba, da fitilar aci-bal-bal na girma, a gaban tsofaffi masu tatsuniya, kuma abin da suka koya mini shi ne in ba da labarin abin da na sani daga farkonsa zuwa ƙarshensa. To, a duk kayan wutar da suka shigo unguwar nan, rediyo da fanka da firji, guda ɗaya ne aka zaɓa a gabana, aka kafa a gabana. Shi ne abin ɗumama ruwa, wato hita, wanda aka sa wa kififiya.

Ku yi dariyarku, ina jira. Ba sauri nake ba.

Da yawanku kun san marigayi Ɗantani na Dagumawa, abokina tun muna kiwon awaki, Allah ya jiƙansa. Shi ya tsinci kififiyar nan a fadama tana kamar tafin hannu, ya kawo wa matarsa Hansai, lokacin ɗansu na fari Ƙasimu yana goye. Hansai ta sa ta a kwatarniya, ta jingina kwatarniyar da bayan murhu don kawai nan ne kaji ba sa damunta. Ɗantani ya rasu, 'ya'ya mata suka tafi ɗakunansu, Ƙasimu ya kama aikin gwamnati, gida ya rage Hansai da kififiya. Daminar bana soron Hansai ya rufta, Allah ya sa tana waje. Ƙasimu ya ɗauko ta zuwa sabon gidansa na bulo a nan unguwar, ya sa aka gina wa kififiya tanki na siminti, mai kyau, mai faɗi, a inuwar katanga, ƙarƙashin reshen wata bishiya.

Da ɗari ya shigo, kififiya ta daina cin abinci. A ba ta ƙaramin kifi, ta kau da kai. A ba ta tana, ta shige ƙoƙonta. A Dagumawa murhu ne yake ɗumama mata ruwa ba wanda ya lura. A sabon gida da risho ake girki, tankin kuwa rana ba ta leƙa shi.

Kun san al'adarmu: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta gaya masa abin da ke ranta. Sai Hansai ta aiko aka kira ni, ta ce, "Malam Sabo, ka gaya wa mai gidan nan, baiwar Allah nan ba ta karɓi garin nan ba. In Juma'a ta sama ta zo ba ta ci ba, a nemo mana mota, mu koma inda muka fito." Na ce, "Hansai, ku koma ina? Ɗakin da ba rufi?" Ta ce, "Ni dai saƙo na ba ka." Ƙasimu yana tsaye a bakin ƙofa yana ji, amma sai da na juya na maimaita masa, don haka ake yi. Ya san uwarsa, ni ma na san ta: in ta ce za ta tafi, za ta tafi, ko da a kango za ta kwana. Na nemi izininta kafin in kawo maganar nan gabanku. Ta ce in faɗa, in dai ba zan ƙara gishiri ba.

Yanzu ga abin da muka koya, kuma ina roƙon ku saurara, domin wanda ba shi da kififiya yana da bokiti, yana da 'ya'ya.

Na farko, ba kowane hita ne na wannan aiki ba. Ƙasimu ya ruga kasuwa ya sayo irin wanda kuka sani, mai lauje-laujen ƙarfe, wanda ake tsomawa a bokitin wanka. Allah ya sa matarsa Saudatu ta ce a fara gwadawa a bokiti tukuna. Kafin mu gama gaisawa ruwa ya fara tsuwa, kafin a kawo mini tabarma yana tafarfasa. Wannan hita bai san tsayawa ba. In ba a cire shi ba zai dafa ruwan, ya ƙone bokitin, ya nemi ɗakin. Saudatu ta ce, "Baba, da a tankin aka sa, ai da yanzu sai neman yaji." Wanda ya dace shi ne wanda yake kashe kansa in ruwa ya kai ɗumin da aka saita masa, ya sake kamawa in ya huce. Dogo ne kamar ƙaramar kwalba, yana da ɗan ido mai haske da ke nuna yana aiki. Gwadabe mai gyaran wuta, ga shi can a zaune, shi ya raka Ƙasimu Kano wani kanti da ake sayar da kayan kifin ado. Suka gaya wa mai kantin tsawon tankin da faɗinsa da zurfinsa, domin ƙaramin hita a ruwa mai yawa wahala kawai zai sha, babba a ruwa kaɗan kuma ɓarna zai yi. Ku faɗi girman mazubinku kafin a miƙo muku kaya, kada ku zaɓa don kwalin ya fi kyau.

Na biyu, kuma a nan ina neman afuwar iyayenmu mata, kada a auna ɗumin ruwa da hannun tsohuwa. Mu mutane ne da muka ɗauki ruwan zafi magani. Mai jego ruwan zafi, mai ciwon baya ruwan zafi, wanda ya faɗo daga jaki ruwan zafi. Hansai kuwa ungozoma ce, rabin mutanen Dagumawa ita ta yi wa uwayensu wankan jego. Hannun da ya saba tsoma ganye a tafasasshen ruwa, ya saba kwashe tuwo daga tukunya, ba ya jin abin da ni da ku muke ji. Kafin zancen hita ya taso ta taɓa sirka wa kififiyar ruwa da kanta, ta tsoma hannu ta ce, "Ɗan ɗumi ne." Kififiyar da ta yi kwanaki ba ta motsa ba sai ga ta tana neman hawa katanga. Na sa gwiwar hannuna a ruwan na janye ba shiri. Hansai ta dube ni ta ce, "Kai dama tun kana saurayi ragon maza ne."

Kififiya ba mai jego ba ce. Abin da take so shi ne irin ruwan kogin nan namu da hantsi a cikin damina, wanda in ka shiga ba ka ce sanyi, ba ka ce zafi. Saboda haka aka haɗo da ma'aunin zafi, irin na asibiti amma na ruwa, aka rataye shi nesa da hitan. Gwadabe ya yi alama da jan fenti a inda mai kantin ya nuna. In ya wuce alamar a rage, in ya gaza a ƙara, kaɗan-kaɗan, domin sauya mata ruwa farat ɗaya shi ma cuta ne. Aka kuma sare reshen da ya tare rana, aka ajiye dutse mai faɗi da zai fito saman ruwa, don ta hau ta sha hantsi in ta ga dama.

Na uku, a yi wa hitan shinge. Jikinsa gilashi ne, ita kuwa baiwar Allah nan tana da ƙarfi, tana da cizo, ba ta san tsada ba. In ta fasa shi, wuta ta shiga ruwa. In ta kwanta a kansa, ta ƙone. Mun yi ta shawara, Ƙasimu yana cewa a koma Kano a nemo raga ta ƙarfe, ana cewa za ta yi tsatsa, sai Hansai ta tashi, ta dawo da madambaci, tukunyar nan mai huji-huji da ake turara dambu. Aka ɗan ɓantare bakinsa wuri-wuri don ruwa ya riƙa shiga ta ƙasa, waya kuma ta sami hanya, aka kifa shi a kan hitan. Ɗumi yana fita ta hujin, kififiya tana zagayawa tana harara. Sai dai a kula, dole ruwa ya rufe hitan gaba ɗaya kullum. In ruwa ya ja baya ya bar shi a fili yana aiki, zai tsage.

Na huɗu, waya da soket. Na zaga gidajen unguwar nan tun da wuta ta zo, na ga abin da na gani. Na ga an feɗe bakin waya an cusa a soket an tokare da tsinken ashana. Na ga an yi wa waya ƙari an naɗe da tsumma. Ba zan kama suna ba, masu abin sun sunkuyar da kai, na gan su. Jama'a, a kusa da ruwa wannan ba dabara ba ce, neman makara ne. Gwadabe ya kafa soket a sama, inda yaro ba ya kai wa, inda feshin ruwa ba ya kai wa, ya yi masa 'yar rumfa saboda ruwan sama. Ya sa filogi mai ƙafa uku, ya ce ƙafa ta ukun ita ce ke kwashe wutar da ta ɓace hanya ta kai ta ƙasa. Sannan ya bar wayar ta ɗan sauko ta yi lanƙwasa kafin ta hau zuwa soket, don in ɗigon ruwa ya biyo ta ya zube a ƙasa. Ku kira wanda ya iya. Kada ku kira ɗan'uwanku don kawai ya taɓa gyara tocila.

Na biyar shi ne ya fi ba mu wahala, shi ne kuma ya fi muhimmanci: ba a sa hannu a ruwan sai an kashe an zare filogi, ba a kuma fito da hitan sai an bar shi ya huce. Ko wuta ta ɗauke, a zare, domin ba ta sallama in za ta dawo. To, Hansai kullum da safe sai ta zura hannu ta kwashe dattin tankin, ƙafarta ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen siminti. Kuma ta rantse ba ita ba taɓa makunnin wuta. Na ce, "To sai ki riƙa kiran Saudatu ta zare miki." Ta ce, "Ni? Ni da ban taɓa cewa a miƙo mini ludayi ba, yau zan tsaya tsakar gidan wani ina kiran a zo a taimake ni?" Ƙasimu ya ce, "Baba, in haka ne a cire abin nan. Gara kififiya ta mutu da wuta ta ja Inna." Na ce masa in an cire ai mota za ka nemo. 

Saudatu ce ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ce ke da roƙo. Tun da kuka zo nake so in koyi yadda ake wanke tankin nan, kunya ta hana ni tambaya. In kin yarda, kullum da safe zan zo ki nuna mini. Filogin kuwa a kan hanyata yake." Hansai ta dube ta ta ce, "Yaran yanzu ba abin da kuka iya. Ki riƙa zuwa da wuri, ba na son jira."

Ruwa ya yi ɗumi, amma kififiya ba ta ci nan da nan ba, kuma ku ma in kun gwada kada ku yi zaton haka. Ta fara da motsi, ta koma hawa dutse, muna ta zuba ido. Sai ana gobe Juma'a ta miƙo wuya ta cafke ɗan kifi a hannun Hansai, har ta kusa haɗawa da yatsa.

Jiya Juma'a da safe Ƙasimu ya zo mini ko hula babu. Ya ce, "Baba, ta ci, kowa ya gani, amma Inna ta ce duk da haka a kawo mota." Na ce, "Ta ce a ɗauki kififiyar?" Ya ce bai tsaya ya tambaya ba. Na ce to ka kawo mota, uwa ce. Aka samo a-kori-kura a bakin kasuwa, Hansai ta shiga gaba ita kaɗai, ba ta ce da kowa sai wata rana ba. Ƙasimu ya je masallaci ya dawo, ya zauna a dakalina, abinci ma bai taɓa ba.

Bayan la'asar motar ta dawo. A bayanta akwai turmi da taɓarya, da dutsen niƙa, da akurkin kaji, da wani dashen zogale an naɗe saiwarsa da tsumma. Hansai ta sauko, ta gyara mayafi, ta ce, "Malam Sabo, ka gaya wa mai gidan nan turminsu na birni ba ya daka komai. Kuma a nuna mini inda zan dasa wannan." Yau da asuba na ji daka daga gidan. Shi ya sa ba ku gan ta a nan ba, ta ce tana da aiki.

Allah ya sa wannan wuta ta zame mana haske, kada ta zame mana kuka. Allah ya tsare yaranmu da tsofaffinmu da dabbobinmu daga sharrinta. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba 'ya'yanmu haƙurin zama da mu, mu ma ya ba mu haƙurin zama da su. Allah ya ƙara wa shugabanninmu adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.