Jan Yadi a Kan Rufi

A wata rumfar yadi a Kasuwar Sabon Gari na ji su, wata tsohuwa Babarbariya da wata Bayarabiya.

"Iya, wannan jan yadi haka, biki za a yi?" in ji tsohuwar.

"A'a, Inna. Ɗana Musiliu ne ya fara tuƙa jirgin sama. Albashinsa ya fi na alƙali!"

"Madalla. Yana dai jin daɗin aikin?"

"Da wannan albashin?"

"Ba shi na tambaya ba. Marigayi maigidana jirgin ƙasa ya tuƙa. Albashi ba yabo ba fallasa, amma in ya doso gari sai ya busa sau uku, ina jiyowa daga unguwarmu Kwaciri in ɗora tukunya. Yakan ce busar nan ce daɗin aikin. Naki da me yake miki sallama?"

Iya ta murza yadin.

"Ya ce daga sama rufin Fagge duk iri ɗaya ne. Kullum sai ya duba, bai taɓa gane gidanmu ba. A kan rufi zan shimfiɗa wannan."

Tsohuwar ta juya wurin mai rumfa. "Malam, ƙara mata yadi biyu. Sama da nisa."